Koren Sama da Idon Yaya Nomau

Da sunan Allah, wanda ya kafa sama ba turaku, ya rina ta ba marina, ya shanya ta ba igiya. Bayan haka, ku matso ku ji abin da ya same ni, ni Kailani marini, mutumin Dutsen Shuni, a Ƙasar Makwancin Rana, inda ruwa ke zama dutse, numfashi ya zama hayaƙi, maƙaryaci kuma ya zama jagora. In kun ji muryata tana tashi a tsakiyar labari ku yi mini uzuri. Shekara tara ke nan, amma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mu biyu mahaifinmu ya bari a karofi, ni da wana Nomau. Ni rini gadonsa na yi kamar yadda ake gadon gida, Yaya Nomau kuwa da shi aka haife shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin marina ya san in aka tsamo zane daga ruwan baba ba shuɗi yake fitowa ba. Kore yake fitowa, sai ya sha iska kamar numfashi uku ko huɗu sannan ya juye. Wannan koren da ba ya zama, shi Yaya ya shafe shekara talatin yana bi, yana so ya kama shi ya tsayar a jikin zane. Ba ganyen da bai dafa ba, ba tokar da bai tace ba. Mutanen gari suna cewa ya zautu, amma in za su aurar da 'ya wurinsa suke kawo zane.

Ana nan sai yanar ido ta sauko masa. Na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama kuma mai magani ya duba ya ce da ƙyar ya kai damina. A cikin watan ne wani bafatake ya sauka a zaurenmu, ya ba da labarin wata ƙasa a ƙarshen arewa inda rana ke kwanciya wata uku ba ta tashi, sama kuma ta yafa wani kore mai motsi, ya daɗe yana rawa bai juye ba. Da baƙon ya tafi Yaya ya kira ni ya ce, "Kailani, ba na neman in kama shi kuma. Ka kai ni in gan shi tsaye, sau ɗaya, da wannan idon da ya rage."

Na ce, "Yaya, ka faɗa, an gama."

Wata biyar muna tafiya. Muka ratsa dajin da itatuwansa ba su da ganye sai allurai, muka haye Tekun Toka a jirgin da ake fasa masa hanya da gatari, har muka isa Ƙofar Sanyi, inda ake binciken baƙi. Nan na fara gane hankalin mutanen ƙasar. Da muka cire safar hannu, masu gadi suka ga hannuwanmu baƙi ƙirin har gwiwa, sai suka ɗau salati irin nasu. A wurinsu ba abin da ke baƙanta hannu sai sanyi in ya kashe shi, maganinsa kuma yankewa. Kafin in ce wani abu an danne Yaya a kan benci, likitansu ya zaro zarto yana wasawa, yana ba mu haƙuri cikin tsintacciyar Hausa, don ba inda Bahaushe bai taka ya bar harshensa ba. Na rantse, na yi bayani, ko a jikinsa. Sai na ciro ƙwallon shuni daga jaka, na tofa masa yawu, na cafko babban yatsan likitan na murza har ya yi baƙi, na ce, "To, malam, ga naka ya kamu. Fara da shi mu ga yadda ake yi." Ya dubi yatsa, ya dubi zarto, ya mai da shi kube. Haka muka shiga da hannuwanmu huɗu.

A ƙasar nan baƙo ba ya fita kallon sama shi kaɗai, sai ya shiga ayarin jagora. Namu jagoran sunansa Mulfi, wani dogo mai rigar farar fata, bakinsa kamar an shafa zuma. Mu goma sha biyu ya tara daga ƙasashe daban-daban, ya yi mana alkawarin kwana bakwai. Dokarsa ita ce, in za a fita sai a ɗaure mu a igiya ɗaya, kowa da 'yar ƙararrawa a ƙugu, don a duhu da kunne yake ƙirga baƙinsa. Ni da na aurar da 'ya'ya, aka rataya mini ƙararrawa kamar ɗan akuya! Na haɗiye don Yaya. Aka zuba mu a amalanken da ba shi da ƙafa sai sulɓi, wasu manyan bareyi masu ƙaho reshe-reshe suna ja, aka kai mu Kwarin Tururi, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Akwai wani babban zaure na katako a wurin, wuta na ci a tsakiyarsa ba dare ba rana, ko da yake rana a can suna ce kawai. Gari kan ɗan yi fari-fari da hantsi, kafin azahar duhu ya koma.

Ran da muka sauka na yi wautar da har yau nake ɗingishi saboda ita. Na ga bai kamata in yi alwala a inda mutane ke cin abinci ba, sai na ɗau buta na fita waje. Kafin in gama wanke ƙafar hagu yatsu biyu sun daina jin komai. Wata tsohuwa mai kula da bareyin, sunanta Ulke, ita ta ja ni cikin garke ta shafa mini kitse tana faɗa da harshensu. Ƙafar ta kumbura, ba na iya barci, amma ban bari na yi nishi a gaban Yaya ba.

Kwana uku ana fita da mu a igiya, a jera mu bakin kwari, a kewaye mu da fitilu, mu ɗaga kai har wuya ya ƙage. Ba komai sai tururi. Mulfi ya yi ta zuba, yau gajimare ne, gobe iska ce, jibi in Allah ya so. Yaya kuwa kullum da an koma zaure sai ya gwada idon dama a kan harshen wuta. Na san abin da yake aunawa.

A rana ta huɗu, wajen la'asar, Mulfi ya shigo da gudu yana tafa hannu. "Ya fito! Ya fito! Baƙina, ku yi sauri!" Aka ɗaure mu muka fita. Sai ga kore ya cika tururin da ke saman kwari, yana lilo, yana haske yana dushewa. Mutane suka ɗau sowa, wata mata ta durƙusa tana kuka. Na juya na ga Yaya ya ɗaga hannu biyu, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Alhamdulillahi. Kailani, na gani. Buƙata ta biya, sai gida."

Ni ma na fara murna, sai na lura koren daga ƙasa yake hawa, ba daga sama yake saukowa ba. Ina cikin wannan tunani sai na ji an yi tari daga inda hasken yake. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin sama ta yi tari ba. Na ce da mai riƙon igiya zan zagaya, ya kwance ni, na ja ƙafata na bi bayan wani ɗan tudu. Me zan gani? Ƙarti huɗu sun haƙa rami sun hura wuta, biyu na zuga, ɗaya na watsa garin tagulla, ɗaya na karkata wani gogaggen faranti yana jefa hasken cikin tururi. Ga Ulke a gefe, ta kawo musu itace, muka haɗa ido ba ta ce komai ba.

Wallahi da akwai muciya a hannuna da an yi gawa a wurin. Wata biyar! Na jawo dattijo mai ido ɗaya daga Dutsen Shuni har bakin duniya, don a hura masa wuta a rami kamar masu gasa masara! Da aka koma zaure na tare Mulfi a bayan ƙofa na shaƙo wuyan rigarsa.

Na ce, "Kai, ba ka tsoron Allah? Na ga ƙartinka, na ga faranti."

Ko gezau bai yi ba. Ya zame hannuna a hankali ya ce, "Baƙona, me wanka ya zo gani?"

"Koren sama."

"Ya ga kore, a sama ya gan shi. Na gaskiya bana bai fito ba ko sau ɗaya, kuma ba ya jin kiran kowa. Nawa ba ya saɓa alkawari. Dubi wanka can." Ya nuna mini Yaya a bakin wuta yana murmushi, yana ba wani baƙo labari da hannu. "Je ka gaya masa an cuce shi. Ga shi can, ba nisa. Ni ba zan hana ka ba."

La'anannen ya san inda ya soka. Ku da kuka san gidajenmu kun san ƙane ba ya duban wansa ya ce masa, an yi maka wasa da hankali. Balle wan da ya goya ni, balle a kan launi, abin da duk ƙasarmu ba wanda ya kai shi sani. In na faɗa, na ce masa idonsa ya mutu ke nan, har tagulla ta ruɗe shi. Na je na zauna kusa da shi, bakina ya yi nauyi. Ya dafa ni ya ce, "Ka ga kyansa kuwa?" Na ce, "Na gani, Yaya." Na yi masa kara, na bar ta ciki a ciki.

Sauran kwanakin Mulfi ya ce na shagali ne, tun da buƙata ta biya. Kwana uku cur muna tsare a zauren nan, ana gasa kifi, ana kaɗe-kaɗe, hayaƙi ya turnuƙe har idon mai lafiya na ruwa. Yaya na gefe yana goge nasa da bakin rawani. Ni kuwa abinci ya ƙi shiga. In na dubi Mulfi yana yawo tsakanin baƙi yana karɓar godiya, sai in ji kamar in kifa masa tukunyar miya.

Ranar bakwai, ranar komawa bakin teku, na miƙa wa Yaya kofin ruwan zafi. Ya kai hannu ya kama iska, tazarar taƙi guda daga kofin. Ya yi dariya ya ce barci ne bai sake shi ba. Na fita na nufi garke, ba don komai ba sai don in sami inda zan yi kuka ba a gan ni ba. Na tarar da Ulke tana ɗaura wa bareyi ragama, sai haushin ya faɗa kanta.

Na ce, "Iya, da furfurarki kike kai wa maƙaryata itace? Ashe dai gaskiya ne bana abin bai fito ba, shi ya sa kuka koma gasa tagulla?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce da 'yar Hausar da ita ma ta tsinta, "Wa ya ce bai fito ba? Kwana biyar ke nan yana fitowa. Bayan wancan dogon tudu, inda ba tururi, ba fitila. Mulfi ba ya zuwa, hanya da nisa, baƙi na kukan sanyi."

Na ce, "Kin sani, kin ga na gano, kika yi shiru?"

Ta ce, "A wurinmu ba a ba mutum amsar abin da bai tambaya ba, rashin kunya ne. Na jira ka. Na ga ka koma ka zauna da tsoho kuna dariya, na ce to, ya ishe su."

Kun ji fa! Ita ta yi shiru don ladabin ƙasarsu, ni na yi shiru don ladabin tamu, maƙaryaci na tsakiya yana cin kifi. Na ce, "To, yanzu na tambaya. Ki kai mu, don girman Allah." Ta ce in san yadda za mu kuɓuce wa igiya, ita za ta jira mu a bakin mashigi da amalanke ɗaya.

Daga zaure zuwa inda amalanke ke tsayawa akwai wani siririn mashigi tsakanin duwatsu, a ƙafa ake bin sa, a jere, Mulfi na gaba yana sauraron ƙararrawa. A gabanmu a igiya akwai wani ƙaton attajiri wanda tun da muka zo bai daina rawar ɗari ba. Da muka shiga duhun mashigin na kwance ƙararrawata da ta Yaya, na ƙulla su a bayan rigar attajirin. Bawan Allah ya ci gaba da karkarwa, ƙararrawa uku na kaɗawa, sha biyu ta cika a kunnen Mulfi. Na zare mu daga igiya na raɗa wa Yaya, "Ka biyo ni, kada ka tambaye ni." Ya kama gefen rigata ya biyo, har muka tarar da Ulke a bakin mashigi da amalankenta.

Mun daɗe muna hawa, sanyi na yankan fuska, ƙafata kamar ba tawa ba. Da muka kai ƙwanƙolin tudun Ulke ta shimfiɗa mana fata a kan dusar ƙanƙara, ta hure fitila, ta ce mu zauna ido ya jiƙu da duhu. Taurari suka fito tsaf, ba tururi ko kaɗan. Na ga ba sauran wurin ɓuya, na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, ka gafarce ni. Abin da aka nuna mana ran nan ba shi ba ne. Wuta ce aka hura."

Ya ce, "Da garin tagulla. Na sani."

Na ce, "Ka sani?"

"Kailani, shekara uku na yi ina ƙona tagulla ina neman kore a cikinta. Tun kafin in ɗaga kai na ji ƙaurinta."

"To, kukan fa? Hamdalar fa?"

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kana tsammani ba na jin yadda kake jan ƙafa? Ba na jin kana cizon bargo in an kwanta? Na ce yaron nan ba zai taɓa cewa mu koma ba sai ya bar ƙafarsa a nan. Kuma na ga kana murna, na ce ba ni zan ɓata maka ba. Ashe kai ma ni kake rufa wa."

Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba, abin da ban taɓa yi ba tun ina yaro. Na ce, "Ƙafa? Yaya, ƙafa biyu gare ni, kai ido ɗaya ya rage maka! Kwana uku muka zubar a cikin hayaƙi, abin yana nan yana fitowa!" Ulke ta taɓa kafaɗata ta nuna arewa.

Da farko wani ɗan zare ne fari-fari a gindin sama. Sai ya kumbura, ya warware daga gabas har yamma, ya sauko ninki-ninki kamar an saki turmin zane daga hannun da ba a gani. Kore ne, jama'a, koren nan na bakin marina, jiƙaƙƙe, mai rai. Na ƙirga numfashi huɗu, na ƙirga goma, na ƙirga arba'in, bai juye ba. Na kama kan Yaya da hannu biyu na saita fuskarsa, na ce, "Ga shi nan! Yaya, ga shi nan, duba!"

Ya buɗe idon dama iyakar buɗewa. Ya daɗe. Ya ce, "Kamar ina ganin wani ɗan..." sai ya tsaya. Ya girgiza kai. "A'a. Ƙarya ta ƙare tsakaninmu. Ba na ganin komai, Kailani. Tun shekaranjiya ya rufe."

Shekaranjiya. Na faɗi a kan fatar nan ina dukan ƙanƙara da hannu, ina tsine wa Mulfi, da igiyarsa, da farantinsa, da bakina da ya ƙi buɗewa. Yaya ya lalubo kunnena ya murɗe kamar yadda yake yi mini ina ɗan shekara bakwai.

Ya ce, "Tashi, sakarai. Ka kawo ido biyu har nan za ka kashe su a kuka? Ɗaga kai ka gaya mini."

Na share fuska na ce, "Kore ne, mai kyau ƙwarai."

"Wannan maganar mai sayen zane ce. Ɗan karofi nake tambaya. Tsomi na nawa?"

Na ƙara dubawa. Na ce, "Tsakiyarsa kamar tsomin fari, ran da baba ta nuna. Ƙasa-ƙasa ya fi kauri, kamar na uku."

"Gefensa fa? Launi a gefe yake tona asirinsa."

"Gefen sama ja-ja ne, Yaya, kamar an ɗiga karan dafi. Yana shiga koren amma bai ɓata shi ba."

Ya ce, "Allahu akbar. Ja a kan kore bai yi laka ba? Ci gaba."

Na ci gaba. Ya yi ta tambaya, ina ta amsawa, in na yi ragon kwatance ya ce in sake. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can hasken ya taso ya tsaya daidai kanmu, har dusar ƙanƙara ta koma tsanwa. Yaya ya ji na yi shiru, ya cire safa, ya buɗe baƙaƙen tafukansa sama. Ya ce, "Ya iso nan?"

Na ce, "Ya iso. Yana hannunka, yana rawaninka. Har gemunka ya yi kore, Yaya."

Ya shafa gemun a hankali, ya yi wata 'yar dariya, ya ce, "Ka ji ikon Allah. Shekara talatin ina so in rina shi, ashe shi zai rina ni."

Iyakar abin da ya same mu ke nan a Makwancin Rana, ban ƙara ba, ban rage ba, Allah ne shaida. Na goyo Yaya a inda hanya ta ƙi, na ja shi da sanda a inda ta yi kyau, har Dutsen Shuni. Shi tun a kan tudun ya ce ya yafe wa kowa. Ni kuwa, duk wanda tafiya ta kai shi can ya ga wani dogo mai farar riga yana ɗaure bayin Allah a igiya, ya gaya masa Kailani bai yafe ba. Kwana ukun nan da nake nema a hannunsa, rabinsu a hannuna suke, shi ya sa ni ma ban yafe wa kaina ba.